Mac Mai Furosesan Apple: arm64 Zalla, Rosetta 2, Ko Kwantena? Yadda Mai Rubuta Manhaja Zai Zaɓa

A Nuwamba 2020 Apple ya fitar da M1, na farko a jerin furosesoshin Mac da ya tsara da kansa, da ake kira Apple Silicon, Mac ya fara barin furosesan Intel mai zubin x86_64 ya koma zubin arm64 (zubi shi ne irin harshen umarnin da furosesa ke ganewa). Zuwa Yuni 2023, da Mac Pro ya samu M2 Ultra, Apple ya daina sayar da kowane Mac mai Intel. Mai rubuta manhaja da ya sayi irin wannan kwamfuta, sabuwa ce ko ta hannu, yanzu sai ya san zubin kowane kayan aikinsa. Python, Node, Java, laburaren C da ke ƙarƙashinsu, imej ɗin Docker (ƙunshin da ake tayar da kwantena daga gare shi), kowanne yana zuwa iri biyu, kuma kwamfutar tana karɓar duka biyun ba ta ce maka uffan ba, sai ranar da suka haɗu a wuri ɗaya.

Hanyoyi uku ne a gabanka. Ka girka komai na arm64 ya gudana kai tsaye. Ka bar kayan Intel su ci gaba da aiki ta bakin tafintan da Apple ya kira Rosetta 2. Ko ka mayar da aikin cikin kwantenar Linux, wato keɓaɓɓen muhalli da manhaja ke gudana a ciki da duk kayanta, ka faɗa mata zubin da kake so. Kusan kowa zai taɓa fiye da ɗaya, saboda haka abin da za a yanke shi ne wacce za ta zama tushe, wacce kuma za a killace ta ga aiki ɗaya tak.

Doka ɗaya ce ke ƙarƙashin yawancin matsalolin da za ka gani. Shiri ɗaya da ke gudana ba ya haɗa zubi biyu. Idan Python ɗinka na arm64 ne, duk laburaren da zai ɗauko sai ya zama na arm64. Idan na x86_64 ne yana gudana ta Rosetta, to duk abin da zai ɗauko sai na x86_64. Rosetta shiri take fassarawa ɗungurungum, ba ta ɗaukar laburare ɗaya ta fassara wa shirin arm64. Daga nan ne wannan saƙon yake fitowa:

`mach-o file, but is an incompatible architecture (have 'x86_64', need 'arm64')`

Sunayen ma suna ruɗa mutane. arm64 da aarch64 abu ɗaya ne: macOS da Docker da Go suna cewa arm64, Linux da Java da Rust suna cewa aarch64. Haka x86_64 da amd64 da x64.

Kafin ka taɓa komai, duba inda kake

Buɗe Terminal ka buga `uname -m`. Idan ya ce arm64, lafiya. Idan ya ce x86_64 alhali kwamfutar mai M1 ce ko sama, to Terminal ɗin ta Rosetta yake gudana. Umarnin `sysctl -n sysctl.proc_translated` zai tabbatar maka: 1 ana fassarawa, 0 kai tsaye ne. Sai ka tambayi kowane kayan aiki da kansa: `node -p process.arch`, da `python3 -c "import platform; print(platform.machine())"`, da `go env GOHOSTARCH`. Ga kowane fayil kuwa, `file $(which git)` ko `lipo -archs` za su nuna maka zubin da ke ciki. A Activity Monitor akwai layin Kind da ke rubuta Apple ko Intel a gaban kowane shiri.

Ka maimaita wannan binciken a taminal ɗin da ke cikin editanka, kada ka tsaya a Terminal kaɗai. Shirin da Rosetta ke fassarawa yana gadar wa 'ya'yansa wannan hali. Idan VS Code ɗinka ginin Intel ne, taminal ɗin cikinsa zai ce x86_64, `npm install` ɗin da ka yi a can zai sauko da kayan Intel, sannan ka koma Terminal na waje ka ga aikin ya ƙi tashi, kai kuwa ba ka canza ko harafi ɗaya ba.

Hanya ta farko: arm64 zalla

Ita ce ta fi sauri, ta fi sauƙi ga batir, kuma ba a sa mata ranar ƙarewa ba. A 2021 tana da wahala domin kayan ba su gama isowa ba, amma yanzu manyan harsuna duk sun daɗe da zuwa. Homebrew, manhajar girka kayan aiki daga Terminal, ya fara tallafa wa Apple Silicon a hukumance da nau'i na 3.0.0 a Fabrairu 2021. Go ya zo da 1.16 a wannan watan. Node ya fara raba ginin arm64 na Mac daga nau'i na 16, a Afrilu 2021. OpenJDK ya shigar da shi a JDK 17 a Satumba 2021, .NET kuma a nau'i na 6 a Nuwamba 2021. Mai girka Python na python.org yana ɗauke da zubi biyu a fayil ɗaya tun daga 3.9.1. Waɗannan lambobin su ne ma'auninka: idan aikinka bai yi ƙasa da su ba, babu dalilin da zai sa ka bi wata hanya.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne Homebrew. A Mac mai Intel yana zaune a `/usr/local`, a mai Apple Silicon kuwa a `/opt/homebrew`. Wanda ya kwaso kayansa daga tsohon Mac da Migration Assistant ya kwaso tsohon Homebrew na Intel gaba ɗaya, kuma zai ci gaba da aiki ta Rosetta har mutum ya yi watanni bai sani ba. Buga `which brew`. Idan ya nuna `/usr/local/bin/brew`, ga yadda ake ƙaura ba tare da asara ba.

Fara da fitar da jerin abin da ke girke: `/usr/local/bin/brew bundle dump --file=$HOME/Brewfile`. Idan kana da PostgreSQL ko MySQL na Homebrew, ka kwashe bayanansu da `pg_dumpall` ko `mysqldump` tun yanzu, domin suna zaune a `/usr/local/var`, kuma sabon girki ba zai leƙa can ba. Sannan ka girka Homebrew sabo daga Terminal ɗin da ya ce arm64, ka sa wannan layin a `~/.zprofile`:

`eval "$(/opt/homebrew/bin/brew shellenv)"`

Rufe Terminal ka sake buɗewa, ka tabbatar `which brew` ya koma `/opt/homebrew/bin/brew`, sai ka yi `brew bundle install --file=$HOME/Brewfile`. Bayan ka ga komai na aiki ka cire tsohon da manhajar cirewa ta Homebrew, ka nuna mata `/usr/local`. Wannan ƙaura sake sauko da komai ce daga farko, gigabayit da yawa idan kayanka na da yawa, saboda haka mai sayen data da kansa ya fara buɗe Brewfile ya goge abin da ya daina amfani da shi.

Ba Homebrew kaɗai ke biyo ka ba. Foldar `~/.nvm`, da `~/.pyenv`, da `~/.rbenv`, da `~/.rustup`, da duk `node_modules` da `venv` na tsoffin ayyuka, cike suke da ginin Intel. Kada ka tsaya gyara su. Goge ka sake girkawa. esbuild, alal misali, zai faɗa maka ƙarara cewa an girka shi don wani dandali daban da wanda kake kai, kuma maganinsa `rm -rf node_modules` ne sannan `npm install`.

Matsala ta biyu tana fitowa ne idan `pip` ko `gem` bai sami shiryayyen ƙunshi ba ya koma harhaɗa kod ɗin C da kansa. Kompailan Apple yana duba `/usr/local/include` ba tare da an ce masa ba, amma ba ya duba `/opt/homebrew/include`. Abin da a da yake ginuwa shiru, yanzu sai ya tsaya da `file not found` a kan wani fayil mai ƙarewa da `.h`, ko `library not found for -lssl`. Laburaren yana nan, hanyar ce ba a nuna ba:

```
export LDFLAGS="-L$(brew --prefix openssl@3)/lib"
export CPPFLAGS="-I$(brew --prefix openssl@3)/include"
```

Ga psycopg2 kuwa, `pg_config` yake nema, kuma Homebrew ba ya sa `libpq` a kan PATH (jerin foldojin da ake neman umarni a ciki) da kansa, sai ka ƙara `$(brew --prefix libpq)/bin`. A rubutun da za ka raba da abokan aiki ka yi amfani da `brew --prefix` maimakon rubuta hanyar da hannu, domin ya yi aiki ga mai Intel da mai Apple Silicon.

Inda wannan hanya take gazawa sananne ne: tsohon aikin da aka ɗaure a kan Node 14 ko ƙasa, tsohon ƙunshin Python da aka kafe nau'insa tun kafin a fara gina masa arm64, da laburaren kasuwanci da mai shi ya ba ka fayil ɗin x86_64 kawai ba tare da kod ba. Biyun farko maganinsu na gaskiya ɗaga nau'i ne. Node 14 ya daina samun gyaran tsaro tun Afrilu 2023, saboda haka ko ba don furosesa ba lokacin barinsa ya wuce. Na uku ne kaɗai ba ka da iko a kansa.

Hanya ta biyu: Rosetta 2

Ana girka ta da `softwareupdate --install-rosetta --agree-to-license`. Karon farko da ka buɗe shirin Intel tana fassara shi zuwa arm64 ta ajiye fassarar, shi ya sa buɗewar farko ke jinkiri, na baya kuma su yi sauri. Ga shirin da aka riga aka harhaɗa, saurinta yana da kyau ƙwarai, har mutum ba ya lura. Inda take nauyi shi ne shirye-shiryen da ke ƙirƙirar kod suna cikin gudu, irin Node da Java, domin dole ta riƙa fassara sabon kod ɗin nan take. Aikin Gradle ko webpack a kan JDK ko Node na Intel yana ɗaukar lokaci fiye da na arm64, kwamfutar ta yi ɗumi, batir ya sauka da wuri. Ga wanda ya sayi wannan kwamfuta don ta riƙe shi idan an ɗauke wuta, wannan asara ce ta gaske.

Akwai abin da ba ta yi sam. Ba ta fassara direbobin da ke shiga cikin zuciyar tsarin aiki. Ba ta tafiyar da manhajar da ke kafa kwamfutar x86 ta gaibu (kwamfutar da ake kwaikwaya a cikin wata), wato tsohon VirtualBox da akwatunan Vagrant na Intel ba za su tashi ta wannan hanya ba. Umarnin AVX da AVX2, na saurin lissafi a furosesan x86, ba ta san su ba sai daga macOS 15, AVX-512 kuwa har yanzu babu. Wannan ne dalilin da ya sa TensorFlow na Intel yake mutuwa da `illegal hardware instruction` a farkon zuwan M1.

Abu mafi muhimmanci a yau shi ne wa'adinta. A taron WWDC na 2025 Apple ya sanar cewa macOS 26 shi ne na ƙarshe da zai hau Mac mai Intel, kuma Rosetta za ta ci gaba a matsayin tafintan kowane shiri ne har zuwa macOS 27, bayan haka sai wani ɓangare nata da aka bari don tsoffin wasanni. Duk wanda ya gina muhallin aikinsa gaba ɗaya a kanta yana da ƙaura a gabansa, ko ya yi ta yanzu cikin natsuwa ko ya yi ta a guje.

Shawarar da ta yaɗu a 2021, cewa a danna Get Info a kan Terminal a zaɓi Open using Rosetta, ita ce mafi munin hanyar amfani da ita. Tana mayar da duk abin da ka girka daga nan na Intel, har wanda yake da ginin arm64 lafiyayye. Idan ka taɓa yin haka, je ka cire alamar. Hanyar da ta dace ita ce ka shiga Rosetta da gangan, don aiki ɗaya, ka fita:

```
arch -x86_64 zsh
nvm install 14
exit
```

Daga nan duk sanda ka zaɓi Node 14 zai gudana ta Rosetta, sauran nau'ikan suna nan a arm64. Ga masu conda abin ya fi tsafta: `CONDA_SUBDIR=osx-64 conda create -n tsoho python=3.8`, sai ka shiga muhallin ka yi `conda config --env --set subdir osx-64`. Kada ka tsallake umarni na biyun. Idan babu shi, `conda install` na gaba zai sauko da ƙunshin arm64 cikin muhallin Intel, ka koma ga saƙon nan na farko.

Ana iya riƙe Homebrew biyu, ɗaya a kowane wuri, amma sai da larura. Idan dole ne, `/opt/homebrew/bin` ya zama a gaba a PATH, na Intel kuma a kira shi da wani suna: `alias ibrew='arch -x86_64 /usr/local/bin/brew'`. Haɗarin shi ne kompaila yana leƙa `/usr/local/lib` da kansa, ya tarar da laburaren Intel yana cikin ginin arm64, ya ba ka gargaɗin `ignoring file` sannan ya faɗi da `symbol(s) not found for architecture arm64`. Mutane kan ɓata yini suna neman kuskuren a kod ɗinsu.

Hanya ta uku: kwantenar Linux

A nan matsalar juyawa take yi. A hanyoyi biyun farko damuwarka ita ce abu ya tashi a kwamfutarka. A Docker kuwa abu yakan tashi lafiya a wurinka, ya mutu a saba, wato kwamfutar da za ta ɗauki manhajar don masu amfani da ita.

Docker a Mac yana tafiyar da ƙaramin Linux na arm64 a ɓoye. Idan ka yi `docker build` ba ka faɗi komai ba, imej ɗin linux/arm64 za ka samu. Ka tura shi sabar haya ta yau da kullum, wadda galibi x86_64 ce, kwantenar ta ƙi tashi da `exec format error`. Babu abin da ya lalace, zubin ne ba nata ba. Tun ran gini, tun ran zane: a faɗi dandalin a lokacin ginin.

`docker buildx build --platform linux/amd64 -t suna/app:1.0 --push .`

Idan kana son imej ɗaya ya yi wa kowa, ka rubuta `--platform linux/amd64,linux/arm64`. Docker zai gina biyu ya haɗa su ƙarƙashin suna ɗaya, kowace kwamfuta ta ja nata. Idan ya ƙi da cewa direban da kake kai ba ya gina dandali da yawa, yi `docker buildx create --use` sau ɗaya. Don ganin zubin da wani imej yake da shi kafin ka ja, `docker buildx imagetools inspect suna:lamba`.

Gina amd64 a kan arm64 yana buƙatar kwaikwayo, kuma iri biyu ne, bambancinsu babba. QEMU shi ne na asali: yana aiki da kusan komai amma yana da nauyi sosai, kuma wasu shirye-shirye suna faɗuwa a cikinsa da `qemu: uncaught target signal 11`. Daga macOS 13 Apple ya ba Linux na gaibu damar amfani da Rosetta, kuma Docker Desktop yana da zaɓin kunna ta a Settings. Mai amfani da Colima zai rubuta `colima start --vm-type vz --vz-rosetta`. Idan dole ka tafiyar da imej ɗin amd64 kullum, ka kunna wannan, saurin ba ɗaya ba ne.

Wanda ya fi duka shi ne kada a yi kwaikwayon sam a wurin da ke cin lokaci, wato harhaɗawa. Go da Rust suna iya gina wa wani zubi daga inda suke. A Dockerfile:

```
FROM --platform=$BUILDPLATFORM golang:1.22 AS gini
ARG TARGETOS
ARG TARGETARCH
WORKDIR /src
COPY . .
RUN CGO_ENABLED=0 GOOS=$TARGETOS GOARCH=$TARGETARCH go build -o /app .

FROM alpine:3.20
COPY --from=gini /app /app
ENTRYPOINT ["/app"]
```

Layin farko yana cewa kompailan ya gudana a zubin kwamfutarka da cikakken sauri, `TARGETARCH` kuma ya faɗa masa wa yake gina wa. `CGO_ENABLED=0` yana aiki ne idan ba ka dogara da laburaren C ba. Idan kana amfani da direban SQLite mai cgo, sai ka nemi kompailan C na zubin da kake nufi. Aikin gaban shafi, wato ɓangaren da ke gudana a burauza, ma haka ne: matakin `npm run build` fayilolin JavaScript da CSS yake fitarwa, ba ruwansu da furosesa, saboda haka ka sa masa `$BUILDPLATFORM` shi ma.

Wasu imej ba su da arm64 ko kaɗan. `mysql:5.7` zai ce `no matching manifest for linux/arm64/v8`, imej ɗin SQL Server ma amd64 ne kawai. A `compose.yaml` ka sa `platform: linux/amd64` a ƙarƙashin wannan hidimar kaɗai. Akwai `DOCKER_DEFAULT_PLATFORM=linux/amd64` da ke mayar da komai, amma sa shi a `.zshrc` daidai yake da buɗe Terminal ta Rosetta: PostgreSQL da Redis da nginx, da suke da arm64 nagari, duk za su koma kwaikwayo a banza.

Kuskure biyu suna yawan ɓuya a tsoffin Dockerfile. Na farko, layin `curl` da ke sauko da fayil mai `linux-amd64` a sunansa. A cikin imej ɗin arm64 zai sauko lafiya, sai an zo tafiyar da shi ya yi ƙorafin rashin `/lib64/ld-linux-x86-64.so.2`. Sa `$TARGETARCH` a wurin sunan. Na biyu, `COPY . .` da ke kwasar `node_modules` na Mac zuwa cikin Linux. Rubuta shi a `.dockerignore`. Irin wannan ne ke samun mai haɗa zip don AWS Lambda daga Mac, ya ga `invalid ELF header`. Maganin shi ne `pip install --platform manylinux2014_x86_64 --only-binary=:all: --target kaya -r requirements.txt`.

Kuɗin wannan hanya RAM ne. Linux ɗin da ke ɓoye yana riƙe rabonsa, kuma RAM ɗin waɗannan kwamfutoci ba a ƙara shi bayan saye. Mac mai 8GB da ke ɗauke da Docker da edita da burauza zai riƙa jingina da faifai. Mai shirin sayen na hannu don aikin kwantena ya nemi 16GB, ko da zai sauka zuwa M1 don ya same shi. Tsohon furosesa da isasshen RAM ya fi sabo mai ƙarancinsa a wannan aikin.

Ga masu rubuta C da C++

Su ne ƙaurar ta fi taɓa kod ɗinsu kansa, kuma a nan Rosetta tana yin illa ta wata fuska: tana ɓoye kuskure. x86 yana da tsauri wajen jerin yadda rubutu a ƙwaƙwalwa ke bayyana ga sauran zaren aiki, ARM kuwa yana da sassauci. Furosesan Apple yana kunna tsaurin x86 ga shirin da ake fassarawa. Kod mai zare da yawa da ya raba bayanai ba tare da `std::atomic` ko makulli ba zai iya yin shekaru lafiya a Intel, ya wuce gwaji ta Rosetta, sannan ya riƙa faɗuwa jefi-jefi a arm64 na gaske. Gina da `-fsanitize=thread` kafin ka yarda da shi.

Girman shafin ƙwaƙwalwa 16KB ne a nan, ba 4KB ba, saboda haka duk inda aka rubuta 4096 da hannu a mayar da shi `sysconf(_SC_PAGESIZE)`. `long double` daidai yake da `double` a arm64 na Apple, ba bit 80 na Intel ba. `mach_absolute_time` ba nanosakan yake ƙirgawa kai tsaye ba, sai an ninka da abin da `mach_timebase_info` ya bayar. Kod mai `immintrin.h` ba zai harhaɗu ba, sai a sake shi da NEON ko a bi ta sse2neon ko SIMDe. Kuma kowane shirin arm64 sai da sa hannu. Kompaila yana sa na wucin gadi da kansa, amma idan ka taɓa fayil ɗin bayan gini, tsarin zai kashe shi da `Killed: 9`. Sake sa hannun da `codesign -f -s - fayil`.

Wani tarko na jiran wanda zai kai kod ɗin Linux na arm64: a can `char` marar alama ne, alhali a Mac da x86 mai alama ne. Wanda ya zuba sakamakon `getchar()` a `char` ya kwatanta da `EOF` zai ga shirinsa yana aiki a Mac, ya maƙale har abada a sabar ARM. Gwaji a Mac bai wadatar ga Linux ba ko da zubin ɗaya ne.

Idan kana raba manhajar Mac ga jama'a, gina zubi biyu a fayil ɗaya: `-DCMAKE_OSX_ARCHITECTURES="arm64;x86_64"` a CMake, ko ka gina daban-daban ka haɗa da `lipo -create`. Sharaɗin shi ne duk laburaren da kake haɗawa su ma suna da zubi biyun, na Homebrew kuwa zubi ɗaya ne.

To wacce za ka ɗauka?

Tushe dai arm64 ne ga kowa: Terminal, edita, Homebrew, da harsunan da kake rubutu da su. Abin da ya rage, inda manhajarka za ta zauna a ƙarshe shi ke yanke shi.

Mai aikin Android ba shi da wani zaɓi: Android Studio na Apple Silicon, JDK na aarch64, da imej ɗin waya mai `arm64-v8a`. Na x86 ba za su yi ba. Mai aikin iOS da ya ga kuskuren `building for iOS Simulator, but linking in object file built for iOS` yana da tsohon laburare marar yankin arm64 na simuleta. Sa `arm64` a `EXCLUDED_ARCHS` yana rufe bakin kuskuren ta hanyar tura simuletan zuwa Rosetta, wato bashi ne da za a biya kafin macOS 28. Nemi nau'in XCFramework na laburaren.

Mai aikin bayanai da koyar da na'ura ya zauna a Python na arm64, a wajen Docker. PyTorch yana amfani da GPU ɗin Mac tun nau'i na 1.12, a duba da `torch.backends.mps.is_available()`, kuma ya daina fitar da ginin Mac na Intel bayan 2.2. Kwantenar Docker a Mac ba ta ganin wannan GPU, CUDA kuma, tsarin lissafi na katin Nvidia, babu shi a nan ko ta wace hanya. Aikin da ya dogara da CUDA sai kwamfutar Linux mai katin Nvidia, a shiga ta SSH.

Mai aikin bayan shafi da sabarsa x86_64 ce ya rubuta ya gwada a arm64 kullum, amma imej ɗin da za a tura kada a gina shi a kwamfutar kowa. A bar wa injin gini na atomatik mai zubin sabar, a kuma tafiyar da gwaje-gwajen a can. A GitHub Actions `ubuntu-latest` x86_64 ne, `ubuntu-24.04-arm` na ARM ne, daga `macos-14` kuma Apple Silicon ne, abin da ya karya ginin mutane da yawa lokacin da `macos-latest` ya koma can a 2024. Rubuta lambar nau'in a fili. Wanda yake fara sabon aiki kuma yana da 'yancin zaɓar saba, ya duba na ARM, irin Graviton na AWS da ake gane su da harafin g a suna, kamar t4g da c7g. Idan kwamfutarka da sabarka duk arm64 ne, kwaikwayo ya fita daga lissafi.

Wanda aikinsa ya rataya a kan kayan Windows na x86, kamar tsohon .NET Framework ko direban wata na'ura da ba a gina wa ARM ba, shi ne kaɗai za mu ce ya sake tunani kafin ya sayi wannan kwamfuta. Boot Camp, da ake girka Windows da shi a Mac mai Intel, babu shi a Apple Silicon. Parallels da VMware Fusion da UTM suna tafiyar da Windows 11 na ARM, wanda ke kwaikwayon manhajojin x64 da kansa, amma direbobi ba sa bin wannan hanya, dole su zama na ARM. Idan na'urar da kake haɗawa da USB direban x86 kawai take da shi, ka riƙe kwamfuta mai Intel ko AMD don wannan aikin.